Sharhi: Cire Matakalar Jif ko Rage Ta, da Batun Ruwa da Tsatsa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Masu motocin jif a kudancin Jihar Sakkwato sun rabu a kan matakalar da ke gefen motar. Wasu na cewa a kwance ta a huta, domin ita ce ke fara kama ƙasa da zarar an sauka daga kwalta. Wasu na cewa wanda ya cire ta ya buɗe wa ruwa ƙofa, kuma tsatsa za ta ci motar kafin ya ankara. Akwai kuma masu cewa a sa zarto a rage faɗinta, a bar saura. Gardamar takan ƙi ƙarewa ne saboda an cakuɗa tambayoyi uku wuri guda: mene ne aikin matakalar, me cire ta ke ƙara wa mota, kuma ta ina ruwa ke shiga jikin mota har ya zama tsatsa. Idan aka warware su ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa matakalar kanta ba ita ke hana tsatsa ba, ba kuma ita ke kawo ta ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne halin da aka bar ramuka da ƙarfen da ke bayanta.

Ma'anar kalmomi

Jif, a bakin jama'a, ita ce duk wata mota mai tsayi daga ƙasa wadda aka ƙera domin kwalta da hanyar daji, irin su Land Cruiser, Prado, 4Runner, Pathfinder, Highlander da Lexus. Sunan ya samo asali daga motocin Jeep na Amurka, amma yanzu ya game kowane kamfani.

Matakalar gefe ita ce doguwar faranti da ke ƙarƙashin ƙofofi, daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, wadda ake takawa a shiga mota. Akan yi ta da roba mai tauri, ko alminiyam, ko ƙarfe, ko a haɗa biyu daga ciki. Tana zaune a kan wasu ƙarafa masu kama da hannuwa, waɗanda aka ɗaure da noti a ƙasan motar.

Shasi shi ne ƙashin bayan mota, wato manyan ƙarafa biyu da ke ɗauke da inji da tayoyi. Bodi shi ne gangar jikin da mutane ke zama a ciki. A Land Cruiser, Prado, 4Runner da Hilux, shasi daban yake, an ɗora bodi a kansa. A Highlander, RAV4, CR-V da Lexus RX kuwa, babu shasi na daban. Bodin ne ke ɗauke da komai. Wannan bambanci yana da muhimmanci a nan gaba.

Dokin ƙofa, a wannan sharhi, shi ne sashen bodi da ke ƙarƙashin ƙofofi, wanda matakala ke rufewa. Daga waje kamar ƙarfe ne curarre, amma cikinsa kogo ne: faranti biyu ko uku aka haɗa da walda, aka bar fili a tsakani. Inda farantan suka haɗu daga ƙasa akwai wani siririn leɓe, kuma a jikinsa ne masana'anta ke barin ƙananan kafofin tsiyayar da ruwa.

Fanal-bita shi ne mai gyaran bodi. Firaima ita ce fentin farko da ke kama ƙarfe kafin a sa mai launi. Sila ita ce mannin da ake toshe gaɓoɓin ƙarfe da shi don kada ruwa ya ratsa.

Asalin matakala

Matakala ta girmi jif. Motocin farko, irin su Ford Model T da ta fito a 1908, dogaye ne daga ƙasa kuma sirara, don haka sai da abin takawa. Da aka fara ƙera motoci masu faɗi da kusanci da ƙasa, sai matakala ta fara ɓacewa. Motar Cord 810 ta 1936 na cikin waɗanda suka fara fitowa babu ita. Dattawa za su tuna Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ita ma da 'yar matakalarta a kowane gefe.

Matakala ta dawo da ƙarfi ne lokacin da jif ta tashi daga motar soja da manoma ta zama motar iyali a Amurka da sauran ƙasashe. Masu saye na son tsayin motar, amma kuma suna son shiga cikin sauƙi. Ke nan an yi ta ne da tunanin titin birni da wurin ajiye motoci. Yawancin jif ɗin da ke yawo a Arewa kuwa na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam, da suka shigo ta Legas, ko ta Kwatano kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Sun zo da kayan da aka yi wa wata ƙasa, suka tarar da hanyoyin wata.

Ƙasar da yanayinta

Tambuwal na kan babban titin da ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Dogon Daji ya nufi Jega. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce wannan titi ba, matakala ba za ta taɓa damunsa ba. Amma Ƙaramar Hukumar Kebbe, wadda ke can ƙarshen kudancin jihar tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, ƙasa ce ta noma da fadama, kuma kogin Zamfara na ratsa yankin a hanyarsa daga Gummi zuwa Jega. Mai zuwa gona ko kasuwar ƙauye a ƙasar Kuchi, Girkau, Margai ko Sangi, ko a ƙauyukan Jabo da Sanyinna a ɓangaren Tambuwal, dole wata rana ya bar kwalta ya hau burji, ko yashi, ko laka.

Wannan ƙasa na gwada mota ta fuska biyu. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, akwai taɓo, kududdufai, da kwazazzabon da ruwa ya yanka a tsakiyar hanya. Manyan motoci da taraktoci kan bar sawu mai zurfi, tsakiya ta yi tozo, gefe ya yi ganuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce ke shiga kowane lungu na ƙasan mota ta zauna. Ƙurar da ta taru da rani ita ce ke zama laka da ruwan farko.

Mutane da yawa na ɗauka cewa tunda ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa matsalar Legas ce da Fatakwal. Gaskiya ne iskar teku mai gishiri ta fi cin ƙarfe. Amma laka da ta maƙale a bayan matakala takan riƙe danshi kwanaki bayan hanya ta bushe, kuma zafi na ƙara wa tsatsa sauri muddin akwai laima.

Ra'ayoyi uku

Masu son cirewa na kafa hujja da cewa matakala na rataye ne ƙasa da dokin ƙofa, kuma ta fito waje. Idan mota ta hau kunya, ko ta gifta kututture, ko taya ɗaya ta faɗa rami, ita ce ke fara bugawa. Idan bugun ya yi ƙarfi, takan lanƙwashe sama ta lotsa dokin ƙofa, har ƙofa ta ƙi buɗewa. Ga tara laka, ga ɓata ƙafar wando da bakin babbar riga wajen sauka.

Masu son a bar ta na cewa jif ba motar direba kaɗai ba ce. Tsoho mai ciwon gwiwa, mace mai juna biyu, mai ɗaure da zane, da ƙananan yara, duk da matakala suke shiga. A wurin da jif ɗaya ke kai marar lafiya asibiti da kai amarya da ɗauko baƙi, wannan ba ƙaramar hujja ba ce. Haka kuma matakala na tare tsakuwar da tayar gaba ke watsowa, wadda ke ɓantare fentin ƙofa, tana kuma karɓar gogar babur da amalanke a cunkoson kasuwa.

Masu son ragewa na neman riba biyu: a yanke sashen da ya fito waje, a bar wanda ke rufe dokin ƙofa. A wasu motoci, irin su Lexus GX 470, matakala da robar da ke rufe dokin ƙofa a haɗe suke, ta yadda cire ta baki ɗaya kan bar gefen motar tsirara da ramuka a fili.

Akwai wata fahimta da ya kamata a gyara. Cire matakala ba ya ɗaga mota. Tazarar Prado daga ƙasa kimanin santimita 22 ce, kuma ana auna ta ne daga abin da ya fi kusa da ƙasa a ƙarƙashin motar, ba daga matakala ba. Abin da cirewar ke ƙarawa shi ne sarari a gefe, tsakanin tayar gaba da ta baya. Haka nan ba ya ƙara zurfin ruwan da mota za ta iya ratsawa. Toyota ta ƙayyade santimita 70 ga Land Cruiser 200 da Prado 150, kuma wannan iyaka ta dogara ne da mashaƙar iskar inji da kayan lantarki. Wanda ya cire matakala don ya riƙa faɗa wa ruwa mai gudu ya yi lissafi a kan kuskure.

Yadda tsatsa ke samun shiga

Tsatsa na buƙatar abu uku: ƙarfe tsirara, ruwa, da iskar oksijin. Idan aka raba ɗaya da sauran, ta tsaya. Shi ya sa masana'anta ke lulluɓe ƙarfen bodi da tutiya, su tsoma shi cikin firaima, su toshe gaɓoɓi da sila, sannan su yi fenti. Duk inda aka huda, ko aka gurza, ko aka ƙona da walda, an yaye wannan kariya.

Gishiri na ninka saurin aikin, domin yana sa ruwa ya fi ɗaukar lantarki, kuma tsatsa aiki ne na lantarki a ƙaramin mataki. A arewacin Amurka da Kanada ana barbaɗa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara, kuma motoci da yawa da ke zuwa mana daga can suke. Matsalar ta kai ga a 2016 Toyota ta amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 a kan tsatsar shasin wasu motocin Tacoma, Tundra da Sequoia a Amurka. Don haka idan an kwance matakala aka ga tsatsa a bayanta, sau da yawa tsohuwa ce da ta zo da motar, matakalar ce ta ɓoye ta. A nan gida kuma takin zamani, da kashin dabbobi da fitsarinsu a hanyar kasuwa da mashaya, suna yin irin aikin gishirin idan suka haɗu da laka.

Akwai kuma tsatsar haɗuwar ƙarafa biyu. Idan alminiyam ya jingina da ƙarfe kuma ga laima a tsakani, alminiyam ɗin kan ci, ya yi farin gari, noti ya kafe. Wannan na cikin dalilan da ke sa notin matakala ya karye wajen kwancewa.

Mafi muni ita ce tsatsar da ke tasowa daga cikin kogon dokin ƙofa. Ba a ganinta sai fenti ya fara kumbura, kuma a lokacin ƙarfen ya riga ya huje daga ciki.

Ramin toshewa da ramin bari

Nan ne zuciyar maganar. Idan aka cire matakala za a ga ramuka iri-iri, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba.

Na farko, ramukan noti. Wasu na ƙarewa ne a cikin ƙarfe, wasu kuma na zarcewa cikin kogon dokin ƙofa ko ƙarƙashin kafet. Na biyu, ramukan maɓallan roba da ke riƙe da murfin gefe, wato robar da ke rufe dokin ƙofa. Waɗannan na fuskantar waje, daidai inda taya ke watso ruwa. Na uku, ramin da wayar fitila ke bi, a motocin da matakalarsu ke da haske. Na huɗu, ramukan da wani ya huda da kansa lokacin da ya ɗaura matakalar kasuwa. Su ne suka fi haɗari, domin galibi ba a shafa wa bakinsu komai ba. Duk waɗannan huɗun toshe su ake yi.

Na biyar su ne kafofin tsiyaya da ke jikin leɓen ƙasa, da waɗanda ke ƙasan kowace ƙofa. Waɗannan ba a taɓa su, sai dai a share su. Ruwa na shiga dokin ƙofa ko da babu rami ko ɗaya a buɗe: ta gefen gilashi, ta ginshiƙan ƙofa, da kuma raɓar da ke taruwa a jikin ƙarfe da asuba. Masana'anta sun san haka, shi ya sa suka bar masa mafita. Duk mai ɗakin soro ya san abin da ke faruwa idan indararo ya toshe: ruwan da ya kamata ya zuba ƙasa shi ke kwanciya a rufi har ya ruɓar da azara. Fanal-bitan da ya bi kowane rami ya cike da sila don nuna ƙwazo ya mayar da dokin ƙofa kwatarnin ruwa.

Hanyar bambancewa ba ta da wuya. Ramin noti zagaye yake, da zare a ciki, ko da alamar inda ƙarfe ya zauna a kewayensa. Kafar tsiyaya kuwa tana can ƙasan ƙasa, takan zama tsaga ko ɗan buɗi tsakanin faranti biyu, kuma akwai irinta a ɗaya gefen motar a daidai wurin.

Idan za a cire

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, bayan ƙura ta lafa kuma kafin ruwan farko, da safe a inuwa. Fenti ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe, ba ya kuma kwanciya da kyau a kan ƙarfen da rana ta gasa.

A fara da wanke ƙasan motar sosai a bar ta ta bushe. A jiƙa notuna da man sassauta tsatsa tun ana gobe za a yi aikin. Idan matakalar na da fitila ko irin mai fitowa da kanta ce, a cire kan batir, a zare wayar daga mahaɗinta maimakon a yanke, a naɗe bakin mahaɗin, a ɗaure shi sama inda ruwa ba ya kaiwa. Ba a sa jak a ƙarƙashin matakala, ba a kuma shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Notin da ya kafe haƙuri yake so: a juya gaba kaɗan, baya kaɗan. Gaggawar kawo wutar walda ita ce garin neman gira a rasa ido, domin zafin na ƙona fentin cikin kogo inda hannu ba ya kaiwa, ga kuma bututan mai da na birki da ke bin gefen shasi. Wasu Land Cruiser da Lexus ma na da bututan na'urar daidaita tsayi ko jijjigar mota a wannan wuri.

Bayan an sauke matakala, a goge duk inda tsatsa ta kama da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a share maiƙo, a sa firaima, a bari ta bushe, a bi da fenti. Ramukan da ke da zare, mafi sauƙi shi ne a mayar da notinsu na asali, a shafa giris a zaren, a sa washa da 'yar roba a ƙarƙashin kan. Wannan na toshe ramin, yana kuma adana zaren don ranar da za a so mayar da matakala. Idan notin ya yi tsawo tunda an cire ƙarfen da yake riƙewa, a nemi gajere mai zare iri ɗaya. Ramukan da ba su da zare a shafa wa bakinsu firaima, a sa matoshin roba daidai girmansu, a zagaye da sila kaɗan.

Kafin a toshe na ƙarshe, dama ce ta fesa kakin hana tsatsa cikin kogon ta wani siririn bututu. Kakin kan malale ya shiga gaɓoɓi. Bayan an fesa, a zura tsinke a kafofin tsiyaya don tabbatar da ba su toshe ba. Daga ƙarshe, tunda an cire abin da ke tare tsakuwa, a tabbatar robar tare laka ta bayan tayar gaba na nan, kuma a shafa wa ƙasan dokin ƙofa fenti mai kauri na kariyar tsakuwa.

Idan za a rage

Ƙa'ida ta farko: matakala ake yankewa, ba motar ba. A motocin da ba su da shasi na daban, dokin ƙofa na cikin abin da ke riƙe da motar, kuma shi ke karɓar bugu idan aka yi karo ta gefe. Yanke leɓensa don samun sarari raunana motar ne.

A sauke matakalar ƙasa kafin a yanka. Tartsatsin injin gurza na ɗauke da ƙananan ɓurɓushin ƙarfe masu zafi; suna nutsewa a fenti da gilashi, kuma da ruwan farko sai ƙofa ta fito da ɗigo-ɗigon tsatsa. Roba da alminiyam zarto mai ƙananan haƙora ya ishe su. A goge kaifin bakin, domin ƙafar yaro da bakin zane ne za su bi ta wurin, sannan a sa robar rufe baki. Idan an yanki ƙarfe, bakin yankan na buƙatar firaima da fenti a ranar.

Matakala da yawa cikinsu kogo ne. Idan an yanke aka bar bakin a buɗe, laka za ta cika shi. A rufe bakin, a huda 'yar kafa a ƙasan matakalar kanta don ruwa ya fita. Sannan a tuna cewa matakalar da aka rage ba lallai ta ɗauki nauyin mutum ba. Idan ta zama ado kawai, a sanar da mutanen gida.

Akwai hanya ta huɗu: maye gurbinta da bututun ƙarfe mai kauri da aka ɗaure a shasi, wanda ke iya ɗaukar nauyin mota idan ta zauna a kan dutse. Ya dace da motoci masu shasi. Ɗaurin noti ya fi walda a jikin shasi, kuma siririn bututun ado da ake sayarwa da araha ba ya yin wannan aiki.

Baƙin mai, kwalta da silikon

Kanikawa sun saɓa a kan abin shafawa. Baƙin mai, wato tsohon man inji, shi ne mafi sauƙin samu, kuma yana korar ruwa na ɗan lokaci. Amma yana kumbura roba, yana kama ƙura har ta zama kunu, ruwa na wanke shi, kuma yana gurɓata ƙasa da ruwan fadama. Giris a zaren noti daidai ne. Baƙin mai a matsayin kariya ta dindindin bai isa ba.

Baƙin fenti mai kwalta yana da amfani idan an shafa shi a kan ƙarfe mai tsabta da firaima. Idan aka shafa a kan tsatsa ko laka, sai ya ɓoye cutar ya riƙe mata danshi, kuma idan ya tsage da zafin rana ruwa kan shige bayansa.

Silikon ɗin gini da ake manna gilashi da shi, mai warin tsami idan an matso shi, yana fitar da asid yayin bushewa, kuma asid ɗin na cin ƙarfe tsirara; fenti ma ba ya kama shi. Abin da ya dace shi ne silar bodin mota. Kumfar cike rami ta magina kuwa ba ta da wuri a dokin ƙofa, domin tana toshe kafofin tsiyaya tana riƙe laima. Idan ba a samu kayan da suka dace a kusa ba, gara a aika Sakkwato ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da a yi aikin da abin da ya samu.

Ba kowane jiƙon kafet ne laifin matakala ba

Sau da yawa akan ɗora wa cire matakala laifin da ba nata ba. Ruwa a ƙafar fasinjan gaba galibi daga bututun na'urar sanyaya mota ne idan ya toshe. Mota mai tagar rufi na da bututan tsiyaya da ƙurar hunturu ke cikawa. Robar ƙofa da rana ta busar, da magudanar da ke gindin gilashin gaba, su ma suna zubar da ruwa ciki.

Gwajin mai sauƙi ne: mutum ɗaya ya zauna ciki an ɗaga kafet, wani ya riƙa zuba ruwa daga ƙasa zuwa sama, wuri bayan wuri. Bai kamata a yi sakaci ba, domin manyan wayoyin mota na bin gefen dokin ƙofa a ƙarƙashin kafet, kuma soson da ke ƙasan kafet kan daɗe a jiƙe alhali samansa a bushe. Warin rima da gumin gilashi da safe alamu ne na farko.

Abin da ka iya biyo baya

Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo, farashin motoci da kayan gyara ya yi tsalle. Motar da a da ake canzawa bayan 'yan shekaru yanzu riƙe ta ake yi. Inji ana iya sauke shi a ɗora wani, amma ruɓaɓɓen dokin ƙofa sai yanka da faci, kuma facin da ba a kare cikinsa ba kan sake ruɓewa.

Akwai kuma batun sayarwa. Dillali na duba gefen mota, kuma ramuka a buɗe ko yankan da bai daidaita ba na karya farashi. Wanda ya adana matakalarsa da hannuwanta da notunanta na iya mayar da ita cikin sa'a guda. Wanda ya yanke ba shi da hanyar komawa sai sayen wata. Ga kanikawa da fanal-bita na Tambuwal da kewaye kuma, wannan fage ne na sana'a: wankin ƙasan mota, share kafofi da fesa kaki kafin damina aiki ne da masu mota za su biya idan sun fahimci amfaninsa.

Kammalawa

Hanyar da mota ke bi da mutanen da take ɗauka su ne za su zaɓa. Mai bin kwalta da ɗaukar iyali ya bar matakalarsa, amma ya riƙa wanke bayanta duk lokacin da ya shiga laka. Mai shiga fadama da gona a kai a kai na da hujjar cirewa, kuma cirewa da noti ta fi yanka, tunda ana iya komawa. Ragewa ta dace ne kawai inda matakalar ke haɗe da murfin gefe. Kowanne aka zaɓa, kafin mai mota ya biya kuɗin aiki ya dace ya durƙusa tare da mai gyaran ya ce: "Malam, nuna mini ramukan da ka toshe, ka nuna mini waɗanda ka bari, ka kuma gaya mini abin da ka shafa a ƙarfen." Sannan a sake leƙawa a watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, a gyara duk inda fenti ya ɓantare tun tsatsar na sama-sama.